Yadda Ake Kai Yaro Mai Buƙata ta Musamman Filin Wasan Yara

Ɗana na biyu shekararsa 9. Shawara ce ta kama shi kwana uku da haihuwa, ba a ankara da wuri ba, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba ya tafiya, hannunsa na hagu a ƙage yake, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi. Ranar da muka fara kai shi filin wasa a nan Gombe yana ɗan shekara 4, kuma ranar Sallah ce. Muka biya kuɗin shiga, muka ajiye kekensa na guragu a gindin wata maina, yayarsa da ƙaninsa suka bazama, shi kuwa yana zaune yana binsu da ido har aka kira magariba. Kuɗin wasa muka biya masa, kallo ya yi. Abin ya tsaya mini a rai, kuma tun daga ranar nake koyon yadda za a yi shi ma ya hau lilo. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na tara cikin shekara 5, da shi da yaran ƙawayen da muke haɗuwa a wajen gashi, wato motsa jikin da ake yi musu a asibiti. Da ke nake magana 'yar'uwa, amma in uba ne ke karantawa, maganar tasa ce shi ma.

Kayan da za ki tanada

- Ruwan sha mai yawa, fiye da yadda kike zaton za a sha, da kofin da ya saba sha da shi.
- Maganinsa, musamman in yana shan na farfaɗiya, da 'yar takarda mai sunansa, lalurarsa, sunan maganin da lambar wayarki. Ki sa masa ita a aljihu.
- Zani biyu masu kauri. Za ki ga amfaninsu a gaba, babu abin da ya kai su aiki a jakar nan.
- Tabarma ko ƙaramar darduma, da ƙaramin filo don tokare shi.
- Famfas, tsumma, sabulu, buta, leda da kayan canji.
- Hula mai faɗi da lema.
- Tef ɗin tela. In babu, ki auna faɗin kekensa da igiya daga wannan taya zuwa waccan, ki ƙara tafin hannu biyu, ki yanke.
- Ƙaramin famfon iska in tayoyin keken na iska ne.
- Ƙwallo, ƙaramin baho na roba, da abincin da ya saba ci. Ba a gwada wa yaro mai wahalar haɗiya sabon abinci a waje.

Sai kuma abin da ba ya shiga jaka: babban mutum na biyu. Mijinki, ƙanwarki, maƙwabciya, duk wanda zai iya ɗaukar yaro. Na gwada zuwa ni kaɗai sau biyu, ban sake ba.

1. Ki fara zuwa ke kaɗai ki ga wurin

Wannan shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Kada ki dogara da hoton da kika gani a Facebook ko da maganar wadda ta ce miki "wurin ya haɗu". Ya haɗu ga yaronta mai gudu. Ki je da tef ɗinki, ki bi hanyar da keken zai bi, tun daga inda za a sauke ku.

Ki fara da bakin ƙofa. Akwai kwata a gabanta? Akwai matakala? Yawancin ƙofofinmu na ƙarfe suna da ƙaramar ƙofar shiga mai dakali a ƙasa, wadda keke ba ya wucewa sai an buɗe babbar. Faɗin da keke yake wucewa a sake shi ne kamar santimita 90, kuma don ya juya yana son fili mai faɗin mita ɗaya da rabi. In an yi gangara maimakon matakala, ki duba tsayinta. Ƙa'idar magina ita ce duk tudun santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, wato matakala ɗaya mai tsayin santimita 15 tana son gangara mai tsawon santimita 180. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi mana don tura babur aka yi su, in kika tura yaro a kai zai iya kifowa.

Daga nan ki kalli ƙasa. Yashi yana da kyau ga yaron da ya faɗo, amma yana riƙe tayar keke. Wurin da aka tsara da kowane yaro a zuciya za ki ga an shimfiɗa hanya mai tauri har gindin kowane abin wasa, ƙarƙashin lilo kuma roba ce mai taushi ko yashi mai zurfi. In kika ga siminti tsura a ƙarƙashin lilo ko sulu, wannan abin kada ɗanki ya hau shi. In akwai ciyawa, ki duba tsidau da ƙarangiya, tsidau yana huda taya, ita kuma ƙarangiya tana maƙale wa yaron da ke jan jiki.

Sannan kayan wasan kansu. Abin da ake nema: lilo mai majingina da bel, ko mai faɗi kamar faifai wanda yaro zai kwanta a ciki; lilo mai juyawa wanda yake daidai da ƙasa har keke ya iya shiga; sulu mai faɗi da wurin zama a ƙarshensa; abubuwan taɓawa da bugawa a tsayin mai zaune. Wurin da ya haɗa duka waɗannan yana da wuyar samu a garuruwanmu, kuma ba sai kin jira shi ba. In kika samu ƙofa mai shiguwa, inuwa, da abu biyu da ɗanki zai iya hawa da taimako, wurin ya isa a fara da shi. Ki girgiza kowane ƙarfe ki ji ko waldar ta saki. Ki auna tsakanin sandunan kariya: ramin da ya faɗa tsakanin santimita 9 da 23 shi ne mai haɗari, domin jikin ƙaramin yaro yana wucewa kansa ya maƙale.

Kada ki fito ba ki leƙa banɗaki ba. In ƙofarsa ta yi wa keke kaɗan, ki nemi wani lungu da za a kare da zani a canza masa cikin sutura.

2. Ki nemi mai kula da wurin

Ba mai sayar da tikiti ba, manajan. Ki gaishe shi, ki ce, "Malam, ina da yaro mai lalurar ƙafa, ina so in kawo shi ranar kaza, me za ku iya taimaka mana da shi?" Ki roƙi abu takamaimai: a buɗe babbar ƙofa, a bar mai rakiya ya shiga wajen kayan wasan, a rage gudun lilo mai inji in ya hau, a rage sautin kiɗa na ɗan lokaci. Yawancinsu ba ƙi suke yi ba, ba a taɓa tambayarsu ba ne.

Yana da kyau ki san cewa ba alfarma kaɗai kike nema ba. Akwai dokar tarayya ta 2018 da ta haramta nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a farkon 2024, ta kuma ce a fara sallamar mai nakasa a layi. Ni dai ban taɓa buɗe magana da doka ba, da gaisuwa nake farawa. Sau ɗaya ne wani mai gadi ya ce mana "irin waɗannan ba sa shiga", ranar kam na ambace ta, manajan ya fito ya ba da haƙuri.

3. Rana da lokaci

Kada zuwan farko ya zama ranar Sallah ko kashegarinta. Cunkoso, layi, kiɗa, turereniya, babu wanda zai saurare ki. Ki zaɓi ranar da babu jama'a, ko safiyar Asabar kafin ƙarfe goma, ko bayan la'asar. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai maki 40, ƙarfen sulu kuwa ya fi haka nesa, don haka ko da yamma sai kin taɓa. Zabiya kada a fitar da shi tsakanin ƙarfe goma na safe da huɗu na yamma, kuma ko bayan nan da hula da riga mai dogon hannu. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, mai sikila da mai asma su ne abin lura: sanyin safiya yana tayar wa mai sikila da ciwo, ƙura kuma tana tayar da asma.

Zuwan farko minti arba'in ya isa. Gara ku tafi yana son ƙari.

4. Ki shirya shi, ki shirya 'yan'uwansa

Tun kwana biyu kafin ranar ki faɗa masa inda za a je, ki nuna masa hotunan da kika ɗauko da wayarki: ga ƙofa, ga lilo, ga inda za mu zauna. Yaro mai galahanga, wato otizim, wannan ya fi masa komai amfani, domin abin da bai zata ba shi ke rikita shi. Ko da ɗanki ba ya amsa magana, ki faɗa masa. Suna ji fiye da yadda ake zato.

Sutura ta zama marar igiya. Hijabi mai tsawo, gyale, rigar sanyi mai zare a wuya, laya ko sarƙa, duk suna iya maƙalewa a sulu su shaƙe yaro. 'Ya mace ki sa mata ƙaramin hijabi ki cusa shi cikin riga, da wando a ƙasa. A sa takalmi mai rufe ƙafa, ba silifa ba. Kurma kuma ki sa masa riga mai launi mai ɗaukar ido, tunda in ya yi nisa kira ba zai dawo da shi ba.

'Yan'uwansa ki gaya musu gaskiya: kowa zai yi nasa wasan, amma akwai lokacin da za a yi tare. Kada ki mayar da yayarsa mai raino, ita ma wasa ta zo.

5. Hanya

In Keke Napep za ku hau, ki ɗauki shata, ki karɓi lambar direban don ya dawo ɗaukarku. Yaron a tsakiya, babba a kowane gefe, keken a naɗe. Ba a ɗora irin wannan yaro a acaɓa. Tun a hanya ki san asibitin da ya fi kusa da wurin.

6. Da kun isa

Kada ki nufi lilo kai tsaye. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, inda za a riƙa dawowa hutu, sannan ku zaga wurin a hankali. Makaho ki bar shi ya riƙe hannunki, ya shafa kowane abu, ki ƙirga masa taku daga tabarma zuwa lilo, ki kuma nuna masa inda ba a bi: gaban lilo da bayansa. Da kurma ku yi alamar "tsaya" da ta "zo nan" tun yanzu, ki riƙa tsayawa inda zai gan ki.

Tura keke yana da dabara. Matakala ɗaya ana hawanta ta gaba: ki taka ƙarfen baya, ƙananan tayoyin su ɗaga, ki ɗora su, sannan ki tura. Saukowa da baya ake yi. A cikin yashi kuma kada ki tura, ki karkatar da shi kan manyan tayoyi ki ja da baya. In matakalar ƙofar ita ce matsalar kuma wurin ya yi muku, kafinta zai iya haɗa miki katako mai kauri da za ku riƙa zuwa da shi.

7. Hawa kayan wasa

Kafin ki ɗaga shi, ki danne birkin keken duka biyu. Ki durƙusa da gwiwa, ba da baya ba, ki manna shi da jikinki. Kada ki ja shi ta hannu ko ta hammata. Yaron da jikinsa ke sanƙarewa, in kika lanƙwasa masa ƙugu da gwiwa za ki ji ya saki. Kuma kowane ƙarfe ki ɗora bayan hannunki a kai tukuna. Yaron da aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya ba ya jin ƙafafunsa, zai ƙone bai yi kuka ba, sai a gida ki ga bororo. Irin waɗannan yaran kuma da yawansu jikinsu ba ya shiri da robar balan-balan, ki kiyaye.

Lilo. In mai majingina ne, ki zaunar da shi har ƙugunsa ya kai ƙarshe, ki ɗaura bel, ki cike gefe da zani in yana karkacewa. Ki tsaya a gabansa ki tura kaɗan-kaɗan kina kallon fuskarsa. In lilon katako ne zalla, ke ki zauna, ki ɗora shi a cinya, hannu ɗaya a ƙirjinsa, ƙafafunki ba sa barin ƙasa. In ma babu lilon da ya dace, ga aikin zani: ku kwantar da shi a tsakiya, manya biyu su kama bakin nan da can, ku riƙa lilo da shi ƙasa-ƙasa a saman tabarma. Dariyar ɗana ta farko a filin wasa a cikin zani ya yi ta, kuma kafin mu ankara yara huɗu sun yi layi suna jiran a yi musu.

Sulu. Kuskuren da kusan kowace uwa ke yi shi ne ta ɗora yaro a cinya su zamo tare. Kada ki yi. In takalminsa ya kama gefen sulun, nauyinki ne zai ci gaba da tura shi, ƙashin ƙwaurinsa ya karye. Ki ɗora shi a tsakiyar sulun daga gefe, ba daga can sama ba, hannunki a jikinsa har ƙasa, mutum na biyu yana tare shi. In ya saba, ku riƙa ƙara tsayin.

Lilo mai juyawa sai in kin tabbata ke ce mai juya shi, domin manyan yara ba su san a hankali ba. Da kin ga ya yi shiru, ya fara gumi ko idonsa ya canza, ki tsayar.

Gidan iska da yara ke tsalle a ciki ya fi daɗi lokacin da babu kowa: ki kwantar da shi, ki riƙa danna gefe yana motsawa. Yaro mai lalurar da likitoci ke kira Down kada ya yi tsalle ko alkafura a ciki sai likitansa ya yarda, wasunsu gaɓar wuyansu ba ta da ƙarfi. Haka wanda aka sa wa bututun rage ruwa a kai, a tambayi likita.

Yashi kuwa, in ba zai iya sauka ba, ki ɗebo a baho ki ɗora masa a cinya ko a benci. Ƙwallo ki sa ta cikin leda ki ƙulle, makaho zai bi ta da ƙararta.

Duk abin da ya ƙi, ki bar shi. Ɗana ya yi zuwa uku yana kallon sulu kafin ya yarda a ɗora shi.

8. Sauran yara, da manyansu

Yara za su taru su zuba ido, wani ya ce, "Umma, me ya same shi?" Kada ki kore su, su ne abokan wasan da kika zo nema. Ki amsa a taƙaice: "Ƙafarsa ce ba ta da ƙarfi, amma ya iya jefa ƙwallo, zo ka gwada shi." Ki faɗa musu sunansa. Ki ba shi matsayi a wasan: shi ne mai tsaron gida, shi ne direba su fasinja, shi ne mai ƙirge a wasan ɓuya. Sharaɗi ɗaya nake kafawa, babu mai tura keken sai na ce, domin da sun kama shi tsere za su yi.

Manya sun fi wuya. Wata za ta ce "Allah sarki" ta janye ɗanta, wani ya zo da labarin mai maganin iska, wani kuma ya miƙa wa yaron naira hamsin. Wannan na ƙarshe yana da zafi, ko da yake da kyakkyawar niyya ake yi. Nakan ce, "Mun gode Baba, Allah ya saka da alheri, wasa muka zo." In faɗa da murmushi, amma da ƙarfin da ɗana zai ji, domin shi nake so ya san cewa ba bara ya fito ba.

9. In wani abu ya faru

In jijjiga ta kama shi, ki kwantar da shi a ƙasa ta gefensa, ki sa zani a ƙarƙashin kansa, ki janye abin da zai buge, ki duba agogo. Kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa, kada a danne shi. Za a taru ana ba ki shawara, ki sa mai rakiyarki ya matsar da mutane. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa, ki faɗa wa duk wanda ya ja da baya. In ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko wannan ne karonsa na farko, asibiti kai tsaye.

In zafi ne ya galabaitar da shi, ki kai shi inuwa, ki rage masa kaya, ki shafa masa ruwa, ki ba shi ya sha kaɗan-kaɗan yana zaune a miƙe. Mai sikila kada ki jira ya ce ƙishirwa, kuma da ya ce ƙashi na masa ciwo wasa ya ƙare. Mai galahanga in ya toshe kunne ya fara ihu, ba rashin kunya ba ne, hayaniyar ce ta yi masa yawa. Ki kai shi inda babu mutane, ki rage magana, ki jira.

10. Komawa gida

Ki sanar da shi tun da saura: "Lilo biyar, sai gida." Ki ƙirga, ki cika alkawari. Ku biya ku yi wa manajan da mai gadi godiya, in akwai gyara ɗaya da zai taimaka ki faɗa, ɗaya kawai, kamar a cike kwatar bakin ƙofa.

A gida ki wanke masa hannu da ƙafa, ki tuɓe shi ki duba diddige, gwiwa, baya da mazaunai. Jan da bai baje ba bayan rabin awa alamar wurin ya matsu ne, kada ya sake zama a kansa sai ya washe, in kuma ya fashe a nuna wa likita. Ki cire ƙaya daga tayoyin keken, ki kakkaɓe yashin da ya shiga ƙananan tayoyin gaba, in iska ta sauka ki kai wa mai faci tun kafin ranar gashi. Daren nan jikinsa zai iya ɗan ƙara sanƙarewa saboda gajiya, ruwan ɗumi da miƙar da aka koya miki a asibiti sukan wadatar. Sai ki rubuta abin da ya hau, abin da ya ƙi, da minti nawa ya yi kafin ya gaji, ki nuna wa mai yi masa gashi a zuwanku na gaba, zai gaya miki abin da za a ƙara masa.